Idan Awartakin Tarakta Ya Ƙi Damƙa: Yadda Ake Gano Ciwon Kafin a Kwance Silinda

A wani watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, aka kira ni wata gona a gefen Wurno. Tarakta ce mai loda, hannuwan ƙarfen nan na ɗaga kaya, a gaba, an ɗaura mata awartaki, wato muƙamuƙin ƙarfen nan mai haƙora da ke damƙar kututture, ƙaya, karan gero ko bambaron shinkafa ya ɗaga. Ko da na isa, direban da yaronsa sun riga sun cire silinda ɗaya, gangar ƙarfen da man haidirolik ke shiga ya motsa muƙamuƙin, sun kwance ta, sun shimfiɗa kayan cikinta bisa buhu, iska na watsa musu rairayi. Direban ya tarbe ni ya ce, "Injiniya, wagga silinda ta mutu, tun da sahe take ƙiya." Na ce masa, "Malam, bari mu fara ganin tiyo tukuna." Mahaɗin tiyo ɗaya ne bai zauna ba, yashi ya cika wuyansa. Aikin minti biyar ne. Amma silindar da ba ta da laifin komai sai da ta ci mana yini guda, domin wajen zaro sandar cikinta sun yanke sil ɗaya, wato zoben robar da ke hana mai tsallakawa, kuma babu irinsa a kusa.

Abin ya tsaya mini a rai, don na sha ganin irinsa. Silinda ita ake gani tana motsi, shi ya sa idan motsi ya tsaya ita ake tuhuma. Alhali man da ke tura ta sai ya ratsa tanki, matata, famfo, bawul, mahaɗi da tiyo kafin ya iso gare ta, kuma kowanne cikinsu yana iya tsayar da aiki. Don haka tsarin da zan bi a nan shi ne na farawa da abin da ba ya cin kuɗi, a bar buɗe silinda sai an tabbatar ita ce.

Abin da ke faruwa a ciki

Silindar awartaki tana da ƙofar mai biyu, ɗaya a gindi, ɗaya a wuya inda sanda ke fitowa. A tsakiya akwai fistin da aka ɗaure a kan sandar da noti, yana sanye da sil da ke raba ɗakunan biyu. Mai ya shiga ta gindi, sanda ta fito; ya shiga ta wuya, sanda ta koma. A yawancin awartakai fitowar sanda ce ke rufe muƙamuƙin sama, komawarta ke buɗe shi. Ka tsaya ka kalli naka, domin duk gwajin da ke tafe ya dogara da sanin wannan.

Ƙarfin da ke ciki ba na wasa ba ne. Taraktocin noma galibi suna aiki da matsin mai tsakanin bar 170 da 210, wato kusan psi 2,500 zuwa 3,000. Silinda mai faɗin ciki milimita 50, idan aka ba ta bar 180, tana tura abin da ya kai tan uku da rabi. Saboda haka kafin sifana ta taɓa kowane noti, a sauke loda har ƙasa, a rufe muƙamuƙin ko a tokare shi da kututture mai ƙwari, a kashe inji, a zare makulli, sannan a kaɗa liba, wato hannun da direba ke sarrafa awartaki da shi, gaba da baya sau da yawa domin matsin da ya maƙale ya koma tanki. Idan bawul ɗin na lantarki ne, a buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, a danna maɓallin ana kaɗa libar.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaita wa yaran gareji. Kada a nemi yoyo da tafin hannu. Tiyo mai ƙaramin huji yana fesa mai siriri kamar allura, kuma ko bar 7 ya isa ya huda fata. Ciwon kan fito kamar cizon sauro, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, man kuwa yana cin nama daga ciki har ya kai ga yanke yatsa. A yi amfani da guntun kwali. Wanda man ya shige shi, ko ba ya jin zafi, a wuce da shi babban asibiti nan take, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a faɗa wa likita cewa man haidirolik ne ya shiga da matsi. Aikin tiyata ne, ba na shafa magani ba.

Fara da kunne

Tayar da inji, ka bar shi a matsakaicin gudu, ka ja libar awartaki kana saurare. Idan ka ji inji ya yi nauyi, ko ka ji wani siririn kuka daga bawul ɗin sakin matsi, wanda ke mayar da mai tanki idan matsi ya yi yawa, tiyo kuma ya yi tsalle ya ƙage amma muƙamuƙi bai motsa ba, to famfo yana aiki, mai yana zuwa, wani abu ne ya tare masa hanya. Wannan yana nuni ga mahaɗi, ko tiyon da ya lanƙwashe, ko fin da muƙamuƙi ke juyawa a kansa ya cije, ko sandar da ta tanƙware. Idan kuwa ka ja liba inji bai ko canza murya ba, tiyo yana kwance laɓo-laɓo, to ko dai man bai baro bawul ba, ko yana zagayawa ta wata kafa yana komawa tanki ba tare da ya yi aiki ba.

Sai ka gwada sauran ayyukan. Loda tana ɗagawa da ƙarfinta? Hannuwan baya da ke ɗaukar garma fa? Idan duk sun yi sanyi tare, ka bar awartaki ya huta, matsalar tana wajen mai, matata ko famfo. Idan shi kaɗai ne ya gaza, kana kan hanya.

Ga masu tsofaffin Massey Ferguson, irin 375 da 385 da suka cika gonakinmu, akwai abin lura. Famfonsu na ciki yana ba da kusan lita 16 ne a minti, don haka tafiyar hawainiya a loda ba lallai ciwo ba ne. Kuma a yawancinsu sai an juya bawul ɗin zaɓi zuwa aikin waje, an kai libar gefen kujera matsayin da famfo ke turawa ba tsayawa, kafin mai ya je gaba. Sabon direba kan manta wannan ya ce loda ta lalace.

Mai

A duba shi tarakta na tsaye a wuri mai baje, loda a ƙasa. Ƙarancin mai yana sa famfo ya zuƙi iska, awartaki ya riƙa tafiya da tsalle-tsalle. A ɗiga kaɗan a farar takarda. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga. Ana yawan ganin haka bayan damina, ko a taraktar da ke aiki cikin fadama ko ake wankewa a bakin gulbi. Idan yana kumfa, iska na shiga ta tiyon zuƙa ko ta bakin matata. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya sha zafi fiye da ƙima. Idan kuma ka murza shi tsakanin yatsu ka ji ƙurus-ƙurus, ko ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a rana, wani abu yana cin kansa a ciki, kuma sabon sil ba zai daɗe a cikin irin wannan mai ba.

A nan akwai kuskuren da sunan kasuwa ke jawowa. A bakin mutanenmu man birkin mota ma "haidirolik" ake ce masa. Ka aiki yaro ya sayo haidirolik, ya dawo da ƙaramar robar man birki. Wannan mai yana kumbura sil ɗin tarakta ya lalata shi. Abin da ake so shi ne wanda littafin taraktar ya ambata. A mafi yawan taraktoci mai ɗaya ne ke hidimar giya, haidirolik da birkin da ke nutse cikin mai, shi ne ake rubuta wa UTTO a jikin jarka. Wadda lodarta ke da tankinta daban kan sha mai lamba 46 ko 68. A wanke rariyar zuƙa, a canza matata idan ta daɗe. Matata mai toshiya kan sa komai ya yi nawa, famfo ya riƙa kuka.

Mahaɗin tiyo, inda gizo ke yawan saƙa

Kowane mahaɗi, mace da namiji, yana da ɗan bawul a ciki da ke rufe kansa idan an raba su. Sai sun shige juna har ƙarshe suke tura juna su buɗe. Idan ya rage ko kaɗan, daga waje kamar ya zauna, amma a ciki a rufe yake, ko kuma yana barin mai ya wuce ta gefe ɗaya ya hana shi dawowa. Shi ya sa awartaki kan buɗe ya ƙi rufewa, ko ya rufe ya ƙi buɗewa. Mai ba zai shiga gindin silinda ba matuƙar na wuyanta bai sami hanyar fita ba.

A cire su duka biyu, a goge da tsumma mai tsabta, a leƙa ciki. Ana neman yashi a ramin ƙwallayen da ke riƙe shi, ko zoben roba da ya yage, ko ɗan kan bawul da ya lotsa. A tabbatar mace da namiji 'yan gida ɗaya ne, domin akwai masu shafaffen baki, akwai masu tsini, kuma ko cikin masu tsini wani kan shiga wani ba tare da ya buɗe shi sosai ba. A mayar, a tura har a ji ƙas, zoben waje ya dawo mazauninsa da kansa, sannan a finciko tiyon a ga ko ya riƙe.

Zafin garinmu yana da nasa sharrin a nan. Ka cire awartaki da asuba mai na da sanyi, ka bar shi a fili. Kafin la'asar ƙarfen ya yi zafin da ba a taɓawa, man da ke kulle a ciki ya kumbura bai da wurin zuwa. Man da ƙarfe ya tsare yana ƙara kusan bar 10 a kowane digiri ɗaya na zafi. Tiyo yana ɗan sassauta hakan, amma abin da ya rage ya isa ya hana mahaɗi shiga ko da ƙato biyu ne suka taru a kai. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauko ƙusa da guduma a doki tsinin. Kada a yi. Yana lotsa bawul ɗin, yana kuma fesa mai a ido. A kwara wa silinda da tiyo ruwa su huce, ko a ja shi inuwa. Idan ana sauri, a naɗe bayan mahaɗin da tsumma mai kauri, a sassauta notinsa da sifana a hankali, ɗan cokali guda na mai ya tsiyaye, a ɗaure. Nan take zai shiga.

Idan mahaɗan sun zauna kuma har yanzu gefe ɗaya ne ke aiki, a musanya tiyon biyu, na buɗewa ya koma gurbin na rufewa, in tsarin mahaɗan ya ba da dama. Sai a sake gwadawa. Idan a da ba ya rufewa, yanzu kuma yana rufewa amma ba ya buɗewa, ciwon ya bi tarakta: bawul ne ko rabin mahaɗin da ke jikinta. Idan har yanzu rufewar ce ta gagara, ciwon yana jikin awartaki. Wannan ɗan gwaji ya raba gardama sau ba adadi.

A bi tiyon da ido daga farko har ƙarshe, musamman inda yake lanƙwasa idan loda ta juya. Wanda ya taɓa matsewa tsakanin ƙarfe biyu yana iya ɓarewa daga ciki, fatar ta zama kamar murfi, waje kuwa lafiya lau.

Bawul da waya

Awartaki yana samun mai ta ɗayan hanyoyi uku: tiyo mai tsawo daga mahaɗan bayan tarakta, ko bawul na uku da aka ƙara wa loda, ko bawul mai karkatar da man juya bokitin loda idan an danna maɓalli. Idan na ƙarshen ne kuma ka danna maɓalli sai ka ga loda tana juyawa maimakon muƙamuƙi ya motsa, wuta ce ba ta isa ba. A duba fis, a duba wayar ƙasa, a bi wayar inda ƙaya kan fizge ta. A kara bakin sukundireba a kan kwayil, wato naɗin wayar da ke jikin bawul ɗin, ana danna maɓalli. Idan wutar bolt 12 tana zuwa kuma kwayil na da rai, za a ji maganaɗisu ya ja shi, a ji ɗan ƙas a ciki. Idan na liba ne, a tabbatar waya ko sandar libar tana tura bawul ɗin har ƙarshe ta kowane gefe.

Wanda ke da geji, wato agogon auna matsi, ya sami sauƙi. A ɗaura gejin da ke kai bar 400 a bakin mahaɗin tarakta, a ja liba na daƙiƙa biyu ko uku, a karanta, a yi haka a ɗaya bakin. Idan adadin ya yi daidai da na littafi, tarakta ta fita daga zargi. Idan ya yi ƙasa a duka biyun, bawul ɗin sakin matsi ne ko famfo. Ina roƙon kada a ƙara ɗaure bawul ɗin sakin matsi don neman ƙarfi ba tare da geji ba. Shi ne mai gadin famfo da tiyo, kuma wanda ya matse shi da ka, fashewa yake saye.

Yanzu an iso silinda

Yoyon waje ba ya ɓuya. Sandar da ke da ɗan danshi ba komai ba ne, amma idan mai yana taruwa a wuya yana ɗiga, ƙura ta manne ta yi dambu, sil ɗin sanda ya tafi. Ka shafa farce a jikin sandar, inji a kashe. Duk inda farce ya maƙale, nan ne wuƙar da ke yanka sil. Ƙurar hunturu da yashin gonakin tudu su ne manyan masu wannan aiki: zoben share ƙura da ke bakin wuya ya bushe da rana ya tsage, yashi ya bi sanda ya shiga.

Yoyon ciki shi ne mai wahalar ganewa, domin ko ɗigo ba ya faɗowa ƙasa. Alamarsa ita ce awartaki ya damƙi kututture, kafin a kai inda za a sauke ya saki. Ko ya yi ƙarfi da safe, da rana ta take mai ya tsinke ya zama ba shi da kataɓus. Amma bawul da ya ci kansa ma haka yake yi, don haka sai an raba su.

Gwaji na farko ba ya buƙatar sifana. A buɗe muƙamuƙi rabi, loda a ƙasa, kowa ya ja baya, a kashe inji. A cire mahaɗan biyu ba tare da an kaɗa liba ba, a sa alama da alli a jikin sanda daidai bakin wuya. A ba shi minti goma sha biyar. Idan muƙamuƙin ya ci gaba da saukowa alhali ya rabu da tarakta, kuma babu yoyo a waje, man yana tsallaka fistin ne, silinda ce. Idan ya tsaya cak, amma da an mayar da mahaɗai sai ya fara zamewa, bawul ne, a ƙyale silinda.

Gwaji na biyu shi ke nuna wacce ce cikin biyun, domin awartaki mai silinda biyu tiyo ɗaya suke rabawa, kuma ɗaya idan ta lalace takan kashe wa 'yar'uwarta ƙarfi. A rufe muƙamuƙi ruf har ya tsaya. A kashe inji, a sauke matsi. A kwance tiyon wuya na silinda ɗaya, a toshe bakin tiyon da marfin ƙarfe mai zare, a bar ƙofar silindar a buɗe, a tara bokiti. A tayar da inji a ƙaramin gudu, a ja liba ta gefen rufewa kawai, na daƙiƙa kaɗan. 'Yan ɗigo na farko ragowa ne. Idan mai ya ci gaba da zuba kamar bakin buta, sil ɗin fistin ya mutu, ko notin fistin ya kwance, ko cikin silindar ya karce. A mayar, a yi wa ɗayar.

A kula da kyau: tiyon ake toshewa, ba ƙofar wuyan silinda ba. Idan aka toshe wuya aka tura mai ta gindi fistin na da wurin tafiya, matsin yana ninkuwa, domin sanda ta cinye wani ɓangare na fuskar fistin ta wannan gefen. A silinda mai milimita 50 da sanda mai milimita 30, bar 180 a gindi yana zama kusan bar 280 a wuya. Ya isa ya tumɓuke sil ko ya fasa wani abu.

Wani abin da ke tayar wa mutane hankali a banza shi ne muƙamuƙan sama biyu, a awartaki mai silinda biyu, da ba sa tafiya tare. Mai yana bin inda ya fi sauƙi, don haka ɗaya ya riga ɗaya ba ciwo ba ne, hasali ma shi ke sa awartaki ya kama kaya mai kauri a gefe ɗaya da siriri a ɗaya gefen. Abin dubawa shi ne idan ɗaya kullum yana nawa ƙwarai. A nan sai a zare fin ɗin kan sanda, a ɗaga muƙamuƙin da hannu ko da ƙarfe a ji ko ya cije. Fin da bai ga giris ba tun bara yana iya riƙe muƙamuƙin gam. Idan sanda tana fita tana tsayawa a wuri ɗaya kullum tana ƙara, a ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe a gani. Ta tanƙware, galibi saboda an yi turi ko tumɓuke kututture da muƙamuƙin sama, wanda ba don haka aka yi shi ba. Idan kuma sanda ta fita ta ƙi komawa sam, kuma ana iya jan ta da hannu, to fistin ya rabu da ita.

Kwancewa da mayarwa

Ba a gona ba, ba a iska ba. A wanke bayan silindar tas tun tana jiki, a cire ta, a toshe tiyo da ƙofofi, a kai ta ɗaki ko shago mai siminti, a shimfiɗa kwali mai tsabta. A tsiyaye man da ke ciki. A kama ta a bais, wato mamatsin ƙarfen da ke kan teburin aiki, ta wajen idon gindi; kada a matse gangar jikin, domin ɗan lotsawa kaɗan ya isa fistin ya daina wucewa.

Murfin wuya iri-iri ne. Wani zare gare shi ana juya shi da sifana mai haƙori, wani zoben waya ke riƙe shi daga ciki sai an ɗan tura murfin ciki kafin zoben ya fito, wani kuma dogayen sanduna huɗu ne suka ɗaure shi. A gane wane ne kafin a ɗauki guduma. A zaro sanda a miƙe, ana tallafe da ita. Kada a busa iskar kwamfuresa don fito da ita, tana fita ne kamar harsashi. A kama sandar ta idonta, a kwance notin fistin. Yana da tauri ƙwarai, sau da yawa an sa masa gam. Kafin a cire ko sil ɗaya, a ɗauki hoto da waya, gaba da baya.

A haska cikin gangar da tocila. Karce mara zurfi ana iya goge shi da sanfefa mai laushi da mai. Wanda farce ke faɗawa ciki zai cinye sabon sil cikin kwanaki, sai a kai wa masu injin gyaran ƙarfe, ko a nemi wata gangar. Sandar da ta tanƙware ko fatarta mai ƙyalli ta ɓare, canza ta ya fi. Miƙar da ita da wuta yana kashe ƙarfinta, kuma ba ta komawa daidai yadda sil ke so.

Wajen sayen sil, tsohon da ya kumbura ko ya cinye ba ma'auni ba ne. A auna faɗin ciki, kaurin sanda, da faɗi da zurfin kowane rami da baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ko a ɗauki fistin da murfin a tafi da su. Idan ba a samu a cikin gari ba, akan aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A canza duka saitin lokaci ɗaya, har da zoben share ƙura, wanda shi ne aka fi rainawa kuma shi ne mai tsaron ƙofa a ƙasa irin tamu.

A jiƙa sababbin cikin mai mai ɗumi su yi laushi. Sil mai leɓe biyu, buɗaɗɗen bakinsa yana kallon inda matsi ke fitowa, wato na wuya yana kallon cikin silinda. Zoben share ƙura leɓensa na kallon waje. A sa su da yatsa ko guntun itace mai santsi, ban da sukundireba. A naɗe zaren kan sanda da salatif don kada ya yanki sil. Murfin wuya ne ke fara shiga sanda, sannan fistin, sannan noti da gam ɗin zare, a ɗaure shi tamau gwargwadon abin da maƙerin ya faɗa. A shafe komai da man haidirolik mai tsabta, a tura a miƙe, a hankali wajen wuce zare da bakin ƙofar mai.

Bayan an ɗaura, silindar cike take da iska. A tayar da inji a ƙaramin gudu, a buɗe a rufe har ƙarshe sau takwas ko goma ba tare da kaya ba. Da farko zai yi ta fizga, sannan ya daidaita. A kashe, a duba mai a cika, a share wuya a ga ko zai sake jiƙewa. Sai a damƙi kututture a ɗaga shi kamu ɗaya daga ƙasa, a bar shi minti biyar.

Direba kuma a gaya masa ya saki liba da zarar muƙamuƙi ya kama. Riƙe ta ana jin kukan bawul yana dafa mai ne kawai, kuma mai idan ya haura digiri 80 sil yana fara taurarewa. A watannin bazara, idan tafin hannu bai iya zama a jikin silinda na daƙiƙa biyu, a tsaya a sha ruwa ta huce.

In an tashi aiki, a ajiye awartaki ƙarƙashin darbejiya ko rumfa, a sauke matsi kafin a cire mahaɗai, a haɗa tiyon biyu da juna idan mace da namiji ne, in ba haka ba a rufe bakunansu da marfi ko leda a rataye su kada su taɓa ƙasa. Sandar da ta rage a waje a shafa mata giris idan za a daɗe ba a yi aiki ba, ranar da za a koma kuma a goge shi tas kafin a ja liba, domin zuwa lokacin ya kwashi yashi.